AMSOSHIN WASIƘUNKU: Na Tare A Sabon Gida An Kawo Mini Bashin Wutar Wani, Wa Zai Biya?

Wannan shi ne filinmu na amsa wasiƙunku, wanda mukan karanta a rediyo, sa'an nan a buga shi a nan saboda waɗanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana su zama kusa da akwati.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga garin Getso, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo. Mai wasiƙar ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi, ya kuma roƙe mu da mu sakaya sunansa. Ya ce ya yi shekaru yana zaune a Zariya, bana ya tattaro iyalinsa ya dawo gida, ya kama hayar wani gida mai shago a gaba, inda maiɗakinsa take sayar da ƙanƙara da zoɓo. Wata biyu da tarewarsu sai ga takardar kuɗin wuta, wato bil, da kuɗin da ya ce ko injin niƙa yake juyawa dare da rana bai isa ya sha wutarsu ba. Ya je wurin mai gidan, mai gida ya ce shi ba ruwansa. Wanda ya tashi daga gidan kuwa ya koma Kudu, ba a samunsa a waya. Ga shi kuma maƙwabcinsa na Zariya ya aiko masa cewa can ma ana ta kawo bil da sunansa. Tambayoyinsa uku ne. Shin zai iya komawa kamfanin da ya saba da shi a Zariya? Shin dole ne ya biya wutar da bai sha ba? In kuma ba dole ba ne, ina zai kai kuka?

To, Malam, Allah ya sa ka tare a sa'a. Wannan matsala ba kai kaɗai ta dama ba, domin mun sami irinta daga Kabo da Ƙaraye da Rimin Gado. Saboda haka za mu ɗan tsawaita, don kowa ya ƙaru.

BA KAI KA SAUYA KAMFANI BA, GARI KA SAUYA

Da farko dai, a ƙasar nan mai gida ba ya zaɓen kamfanin da zai sayar masa da wuta. Wurin da gidanka yake shi ne yake zaɓa maka. A da can hukuma ɗaya ce tak, wato NEPA, wadda aka kafa a 1972. A 2005 aka yi dokar gyaran harkar lantarki, NEPA ta zama PHCN, aka kuma kafa hukumar NERC domin ta sa ido a kan kamfanoni, ta kare haƙƙin masu shan wuta. Daga watan Nuwamba na 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, guda 11, kowanne da yankinsa. Jihohin Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Jihohin Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara kuwa suna hannun Kaduna Electric.

Ka ga ke nan, ranar da motar kayanka ta baro Zariya ta shigo ƙasar Kano, ka fita daga hannun wani kamfani ka shiga hannun wani, ko ka sani ko ba ka sani ba. Littafinsu ba ɗaya ba ne, asusunsu ba ɗaya ba ne. Abin da ka biya a Zariya ba zai rage maka ko kwabo a Getso ba, kuma bashin Zariya ba ya mutuwa don ka bar garin. Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Maƙwabtanmu na Nijar ma haka abin yake, NIGELEC ce mai rarraba wuta daga Maraɗi har Yamai.

A Ingila ne mutum yake iya barin wannan kamfani ya koma wancan yana zaune a ɗakinsa, tun ƙarshen shekarun 1990. Amma ka san wani abu? Su ma rigimar da suka fi yi ita ce irin taka. Tsohon kamfani ya ce mita ta tsaya a kan lamba kaza, sabon kamfani ya ce a'a, kaza ce. Shi ya sa abin da ake fara gaya wa duk wanda ya tare a sabon gida a can shi ne ya karanta mitarsa a ranar, ya aika wa kamfani. Wato dai ciwon ɗaya ne, maganin ma ɗaya ne.

MITA IYAKAR GONA CE

Bari mu yi bayanin yadda mita take aiki, domin a nan gizo yake saƙar. Mita ba kuɗi take ƙirgawa ba, wuta take aunawa, kamar yadda kake auna dawa da tiya. Tiyar wuta ita ake kira yunit. Kwan fitila mai ƙarfin wat 100, in ya yi awa 10 a kunne, ya sha yunit ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa awa ɗaya ta ishe shi ya shanye yunit ɗin. Lambobin da ke fuskar mita gaba suke yi kullum, ba sa komawa baya, kamar lambobin da ke nuna tafiyar babur. Tun ranar da aka kafa ta take tarawa, ba ta san an yi sabon ɗan haya ba, ba ta san wane ya tashi wane ya tare ba.

Kamfani yakan ɗauki lambar wannan wata ya debe ta watan jiya, abin da ya rage shi ne wutar da aka sha, sai a ninka da farashin yunit, a ɗora harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairu na 2020.

To, kai manomi, in ka sayi gona, me kake fara yi? Ai sai ka kira mai unguwa da maƙwabta a taka iyaka, a dasa gamba ko a kafa dutse. In ba ka yi ba, damina na faɗuwa rigima ta tashi. Lambar da ke kan mita ranar da ka karɓi makulli ita ce iyakarka. Duk abin da ke bayanta na wanda ya tashi ne, duk abin da ke gabanta naka ne. Wanda bai rubuta wannan lamba ba ya sayi gona ba a taka masa iyaka ba.

Ga abin da muke zaton ya faru da kai, Malam, kuma lambobin nan misali ne kawai don a gane. Mu ƙaddara karatun ƙarshe da ma'aikacin kamfani ya yi a gidan, tun tsohon ɗan haya yana nan, 7,200 ne. Daga nan aka daɗe ba a zo an karanta ba, ko an zo an tarar da gida a kulle. Yanzu da aka zo aka tarar da 8,460. Sai aka debe, aka sami yunit 1,260, aka zuba su duka a bil ɗaya, aka miƙa wa wanda aka tarar a gidan, wato kai. In mun ƙaddara yunit ɗaya naira 50 ne don sauƙin lissafi, kuɗin ya kama naira 63,000. Mai yiwuwa mitar ba ta yi ƙarya ba, kamfani ma bai ƙara ko yunit ɗaya ba. Abin da ya ɓace shi ne iyaka.

BASHIN NA KAN WA?

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar NERC ta sha bayyana cewa bashin wuta yana kan wanda ya sha wutar ne, ba a kan ginin yake ba, kuma bai halatta a tilasta wa sabon ɗan haya ya biya bashin wanda ya gabace shi ba. Wannan ita ce amsar tambayarka ta biyu. Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan yawancinmu muke faɗuwa. Wajibi ne sabon shiga ya sanar da kamfani cewa ya tare, ya kuma nuna shaidar ranar da ya tare. Kamfani ba boka ba ne. In ba a gaya masa an yi sauyi ba, wanda ya gani a gida shi zai kama.

Za ka ce, to ni da ban rubuta lambar ba fa, shi ke nan na rasa? A'a, da sauran dabara. Ka je ka karanta mitar yau, ka rubuta. Bayan kwana 14 ka sake karantawa, ba tare da ka rage ko ka ƙara kayan wutar da ka saba kunnawa ba. Mu ƙaddara yau 8,460 ce, bayan mako biyu ta zama 8,530. Ka sha yunit 70 ke nan, wato yunit 5 a kowace rana. Kwananka 60 a gidan, saboda haka naka bai wuce yunit 300 ba, wato naira 15,000 a lissafinmu na ɗazu. Ragowar yunit 960, na naira 48,000, na wanda ya tashi ne. Wannan lissafi ba zai zama daidai ƙwabo da ƙwabo ba, domin samun wuta yakan bambanta daga wata zuwa wata, amma hujja ce mai ƙarfi da za ka ajiye a gaban ma'aikaci. Ka haɗa ta da takardar hayarka, da rasit ɗin kuɗin haya na farko, da takarda daga mai gida ko mai unguwa da ke tabbatar da ranar tarewarka.

In za ka karanta mita, ka lura da abu biyu. A tsohuwar mita mai lambobi masu juyawa, lambar ƙarshe da ke cikin jan gida ba cikakken yunit ba ce, ba a haɗa ta. A sabuwa mai gilashi kuwa lambobi iri-iri suke wucewa, sai ka jira wadda aka rubuta kWh a gefenta. Sa'an nan ka duba lambar jikin mitar kanta, ka gwada da wadda ke kan bil. An sha samun gidaje biyu maƙwabta da aka musanya musu takarda, mai fanka ɗaya yana biyan kuɗin mai walda.

IN MITA MAI KATI CE, KO BABU MITAR SAM

Wasu za su ce su sun huta, tunda mitarsu mai kati ce, sai ka saya kake sha. To, a yi hattara. Sau da yawa in aka sa mita mai kati a gidan da ke da tsohon bashi, akan ɗora bashin a kan asusun mitar, duk sanda ka sayi wuta a yanke wani kaso. Alamar ita ce ka ga yunit ɗin da aka ba ka bai kai na maƙwabcinka ba, alhali kuɗi ɗaya kuka biya. Kafin ka biya kuɗin haya, ka ɗauki lambar mitar ka je ofishin kamfani ka tambaya ko akwai bashi a kanta. Ko kuwa ka sayi wuta ta ɗan kuɗi kaɗan ka karanta rasit ɗin da kyau.

Har ila yau, lambobi 20 ɗin nan da ake ba ka in ka sayi wuta, mita ɗaya tak suke buɗewa. Waɗanda ka saya don mitar Zariya ba za su shiga ta Getso ba. Ragowar yunit da ka bari a can kuwa sai dai ku daidaita da mai gida ko wanda ya gaje ka. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa ka cire mitar ka taho da ita don kai ka biya kuɗinta. An yi mata rajista ne da wancan gida, cire ta ba da izinin kamfani ba laifi ne.

Gidan da babu mita kuwa, wanda shi ne ya fi yawa a karkara, kuɗin ƙiyasi ake kawowa. Shi ma ƙiyasin yana da linzami. A watan Fabrairu na 2020 NERC ta ba da umarnin ƙayyade yawan yunit ɗin da za a iya ɗora wa marar mita a wata, gwargwadon abin da masu mita na layinsa suke sha. Ba kuma magana ce ta fatar baki ba, domin a watan Fabrairu na 2024 hukumar ta ci kamfanonin rarraba wuta tarar sama da naira biliyan 10 da rabi saboda sun zarce wannan iyaka a 2023, ta kuma ce a mayar wa mutane rarar a cikin bil ɗinsu. A irin wannan gida, iyakarka ita ce bil na ƙarshe kafin ka tare. Ka nemi a nuna maka shi, ka ga an biya ko ba a biya ba, ka ɗauki hotonsa.

Akwai kuma abin da kan sa wanda ya sauya gari ya ga kuɗi ya bambanta ko da shansa bai sauya ba. Tun 2020 an kasa layukan wuta aji biyar, daga A zuwa E, bisa awannin da aka yi alkawarin ba su a rana: 20, 16, 12, 8 da 4. Kowane aji da farashinsa, kowane kamfani da nasa jadawalin. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga farashin ajin A zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Saboda haka ka duba ajin da aka rubuta a bil ɗinka, ka auna da wutar da kuke samu a unguwarku.

SAURAN ZANCEN ZARIYA

Malam, a nan sai ka yi haƙuri mu gaya maka gaskiya, akwai naka laifin. Ka tashi ba ka yi sallama da kamfani ba. Muddin asusun yana da sunanka, kai suka sani. Abin da ya kamata mai tashi ya yi shi ne ya rubuta wa kamfani tun kafin ranar, ya nemi a zo a yi karatun ƙarshe, ya biya, ya karɓi rasit, a cire sunansa. In gidan zai zauna babu kowa kuma babu mita, ya nemi a yanke wutar a rubuce, don kada ƙiyasi ya yi ta taruwa a kan kango. Gida mai mita da ke kulle kuwa bai kamata ya tara komai ba, tunda an soke kuɗin nan na dole da ake biya kowane wata ko an sha ko ba a sha ba, tun watan Fabrairu na 2016.

Yanzu sai ka daure ka sa ƙafa ka koma Zariya, ko ka wakilta amintacce. Ka karɓi takarda daga tsohon mai gidanka mai nuna ranar da ka miƙa makulli, ka kai ofishin kamfanin da ke can tare da bil na ƙarshe da ka biya. Abin da ya tabbata naka ne ka biya shi. Yadda ba ka so a ɗora maka na wani, kai ma kada ka bar wa wani naka. Wanda ya gudu ya bar ka da bashi a Getso, ai abin da ka kusa yi wa wani bawan Allah ke nan a Zariya.

INDA AKE KAI KUKA

Matakin farko, ka rubuta takardar koke zuwa sashen sauraron koke na kamfanin, ka kai ofishinsu mafi kusa da kai. Ka yi ta kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ka riƙe. Maganar baka da ma'aikacin da ya zo da tsani ba koke ba ce. A cikin takardar ka sa lambar asusu, lambar mita, ranar tarewa, karatun da ka yi, da abin da kake nema, wato a raba bashin a buɗe asusu da sunanka. Ƙa'idar NERC ta ba kamfani kwanakin aiki 15 ya warware koke.

Kana cikin jira kada ka daina biya gaba ɗaya. Ka riƙa biyan abin da ka tabbata naka ne kowane wata, kana adana rasit. Wannan shi zai nuna kai ba mai gudun biya ba ne. Ga marar mita, hukumar ta ce yana da damar ya tsaya a kan adadin bil na ƙarshe da bai yi jayayya da shi ba, har a gama bincike. Haka kuma haƙƙinka ne a ba ka sanarwa a rubuce kafin a yanke maka wuta.

In kwanakin sun cika ba a yi komai ba, ko hukuncin bai gamsar da kai ba, sai mataki na biyu. NERC ta buɗe ofisoshin sauraron ƙara a manyan birane, har da Kano, inda ake zaunar da mai koke da wakilin kamfani a saurari kowa, ba a kuma biyan kuɗi. Daga nan ma ana iya ɗaukaka ƙara zuwa hedkwatar hukumar a Abuja. Sai dai a sani, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa tasu hukumar, kuma a 2024 jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi wannan aiki. Don haka duk inda mutum yake, ya tambaya a ofishin kamfani wace hukuma ce ke sauraron ƙara a jiharsa.

Abu biyu muke roƙo a guje musu. Kada a ba wani kuɗi a hannu don ya share bashi. Bashin yana cikin kwamfuta, gobe zai dawo, kuɗinka kuwa sun tafi. Kada kuma haushi ya sa a kira mai gyara ya zagaye mita. Satar wuta laifi ce da ake cin tara a kanta, har ta kai ga kotu, ga haɗarin gobara a gidan da ake ajiye hatsi. Da ka yi haka, ka tashi daga mai gaskiya ka koma mai laifi.

TUN RAN GINI RAN ZANE

Jama'a, ga abin da muke so kowa ya riƙe, ko gida zai kama, ko shago a kasuwa, ko rumfar injin markaɗe. Ranar karɓar makulli, kafin a sauke ko tabarma, a tsaya gaban mita da mai gida da shaida ɗaya. A rubuta kwanan wata, da lambar mita, da karatun da ke kanta, kowa ya sa hannu. Mai waya ya ɗauki hoto, marar waya ya ari ta yaro. Cikin makon nan a kai kwafi ofishin kamfani. Ranar tashi ma a sake yin haka. Aikin bai fi minti biyar ba. Masu gidajen haya kuma, ku ma ku taimaka, kada ku karɓi makulli daga mai tashi sai kun ga rasit ɗin wuta na ƙarshe. Malamanmu sun sha tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Malam na Getso, muna fatan ka gamsu. Ka fara da karatun kwana 14 ɗin nan tun yau, sa'an nan ka rubuto mana yadda kuka ƙare da su, domin wasu su amfana. A gai da mutan gida, Allah ya ba da kasuwa.